Wanda Aka Bari a Lolo

Ranar da malamin aji uku ya rako Muktar har zaure ya ce kada a sake turo shi makaranta, uwarsa Sakinatu ba ta yi gardama ba. Me za ta ce? Yaron ya fasa wa ɗan mutane leɓe, kuma laifin ɗan mutanen bai wuce dafa masa kafaɗa ta baya ba. Shekararsa goma, sunansa ma bai iya rubutawa. Abin da aka koya masa da safe, kafin azahar ya zube. Malamin bai yi faɗa ba, a gajiye ya yi maganar, kuma wannan ya fi yi mata ciwo. Tana tsaye a bayan zana ta yanke shawarar za ta kai shi gidan Dela, yayar mijinta, can ƙetaren iyaka, ta roƙe ta ta riƙe shi. In Dela ta ƙi, babu wata ƙofa da ta rage.

Mijinta Atiku ba masunci ba ne, ko iyo bai iya ba, amma akwai lokacin da duk mai jefa birgi, wato ragar kamun kifi, daga Lolo har Dole Kaina ya san gidansa. Matattun batiran mota yake saye daga wajen 'yan Benin, ya fasa su da gatari a tsakar gida, ya narka dalmar a kasko, ya zuba ta ƙanana-ƙanana, irin waɗanda ake ɗaura wa bakin birgi don ya nutse. Hayaƙin na bi ta kan shanya da tukunya, tokar kuma Sakinatu ke sharewa kullum, yara na rarrafe a ciki. Da Muktar ya fara haƙori yana hana kowa sakat, Atiku ya zuba masa wata 'yar dalma mai santsi, ya huda ta, ya sa zare ya rataya masa a wuya. Yaro ya kai baki, ya yi shiru. Da aka haifi ƙanensa Bunyaminu, shi ma aka yi masa tasa. Maƙwabta har yaba dabarar suke yi, wata ma ta aiko a zuba wa nata.

A damina guda yaran biyu suka kama suma da sanƙarewa. Aka kwashe su zuwa asibiti a Bagudo, inda wata ma'aikaciyar lafiya mai suna Zuhura ta ɗebi jininsu. Da sakamako ya dawo ta ce gubar dalma ce, kuma abin da ke jikin babban shi ne ke jikin ƙaramin, babu wanda ya fi wani. Aka yi musu magani suka tashi. Ranar sallama Zuhura ta zaunar da Sakinatu ta ce mata magani ya rage gubar da ke cikin jini, amma ba ya goge abin da ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Ta ce daga nan sai abin da yaro ya tarar a gida: abincin da zai ci, da wanda zai zauna ya yi masa hira, da yawan firgitar da zai sha. Waɗannan za su sassauta ɓarnar ko su ƙara ta. Sakinatu ta gyaɗa kai irin gyaɗawar da ake yi a asibiti, hankalinta na kan yadda za su samu motar komawa.

Ba a daɗe ba Dela ta zo. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma a danginsu ɗan fari na gwaggo ne, don haka Muktar ta zo ɗauka. To amma Muktar ya murmure, yana ta guje-gujensa, shi kuwa Bunyaminu ya daina tafiya, wuyansa ma da ƙyar yake tsayawa. Sakinatu ta sa Atiku ya gaya wa yayarsa ta ɗauki ƙaramin, tun da a can akwai nono da shanu, babban kuwa ya warke. Dela ta ce ita ba ta zaɓen ɗa. Ta goya Bunyaminu ta tafi.

Wanda aka bari a Lolo bai tarar da komai ba sai tashin hankali. Aka rufe iyaka, batir ya yi wuya. Aka fara kawo birgi da dalmarsa a ɗaure daga kasuwa, masunta suka ɗauke ƙafa. Ambaliya ta cinye musu ɗaki, suka yi watanni suna raɓe a zauren mutane. Atiku kansa ya koma wani iri, hannu na rawa, ciki na murɗa, abu kaɗan ya tashi kamar zai ci babu. Duka kuwa da wayar batir yake yi, kuma mutum ɗaya ne a gidan da za a daka. In Muktar ya manta aike, waya. In ya zubar da ruwa, waya. In ya yi fitsarin kwance saboda tsoron wayar, wayar dai.

Sakinatu kuwa, Muktar ɗan farinta ne. Ba ta kiran sunansa, sai dai "kai" ko "wancan". Ba ta ɗaukarsa a cinya a gaban mutane, ba ta shiga tsakaninsa da ubansa. In an fara dukan, sai ta shige madafa ta kama hura wutar da ke ci da kanta, hawaye na zuba, ta ce hayaƙi ne. Matan unguwa sun yaba mata ƙwarai, sun ce a matan yanzu da wuya a samu mai kunyar Sakinatu. Yabon ya kai ko'ina, bai dai taɓa tare wa yaron waya ko sau ɗaya ba.

Ranar kasuwar Lolo ta gaya wa Atiku za ta je gaida Yaya. Ta wanke Muktar, ta sa masa rigar sallar bara, suka hau kabu-kabu. A hanya duk motar da ta yi hon sai ta ji ya ƙanƙame mai babur, har mutumin ya waiwayo ya ce, "Yaro, sake ni hwa, ka kashe mu." Suka ƙetare iyaka kamar yadda kowa ke ƙetarewa ranar kasuwa, suka bi hanyar gona har ƙauyen su Dela.

Abin da ya fara damun Sakinatu a gidan shi ne shirunsa. Ba shirun rashin mutane ba, shirun rashin tsawa. Dela na zaune ƙarƙashin mangwaro tana ɓarar gyaɗa, bakinta bai tsaya ba, kuma da Bunyaminu take surutun. Yaron da aka goyo ba ya tafiya, ga shi tsaye yana zuba wa awaki dusa, yana kiran kowace da sunanta. Ba wai ya fita tsaf ba. Maganarsa a hankali take fita, in aka tambaye shi abu sai ya yi shiru kamar bai ji ba kafin ya amsa, kuma Dela ta ce a makaranta yana can wajen ƙarshe-ƙarshe. Amma yana zuwa, yana zama, yana haɗa baƙi. Ya durƙusa ya gaida Sakinatu, ya kalli wansa ya yi murmushi.

Sakinatu ta ji daɗi, a lokaci guda kuma ta ji ɗaci. Nono ɗaya suka sha, dalma ɗaya suka tsotsa, kuma wannan ne ma aka fi cire rai da shi.

Bayan an sha fura, yara suka koma gefe, ta matso kusa da Dela. Ta daɗe tana murza bakin mayafi. Uwa ba ta roƙo a kan ɗan fari, ba ta ma nuna ta san yana da matsala. Ta yi ta maza.

"Yaya, roƙo nit taho da shi."

"Mi ya hwaru? Atiku na?"

"Wancan na." Ta nuna da haɓa. Sai ta ji kalmar ta yi mata kaɗan, ta ce, "Muktar. An kore shi makaranta. Yaya, in ya zauna gidanmu lalacewa za shi yi. Ki amshe shi don Allah, ki yi mishi abin da kinka yi ma ƙanenai."

Dela ta ajiye gyaɗar hannunta. Jin sunan a bakin Sakinatu ya ishe ta gane girman abin.

"Ni mi niy yi? Ban yi komi ba. Abinci na, da hira. In ya ɓata abu in ce ya sake. In ya tashi da hirgita in riƙe shi har ya yi kwana. Shi ke nan."

"Shi nike roƙo."

Dela ta juya ta kalli Muktar, wanda ke tsaye jikin katanga, bayansa manne da ita, idonsa na kan ƙofar gida. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ya girma, Sakinatu. Wancan ɗanye nid ɗauko shi."

"Na sani."

"To bari mu gani. Ki kwana biyu, in ga zamanshi. In Malam Sambo ya dawo daga gona mu yi magana."

Malam Sambo shi ne mijin Dela, kuma kowa ya san abin da Dela ta ce shi yake cewa, don haka Sakinatu ta ji kamar an sauke mata kaya.

Dela ta kira Muktar da sunansa, a hankali, ta ce ya zo ya taya ta. Bai zo ba. Ba ta sake kira ba, ta dai tura kwaryar gyaɗa gefenta ta ci gaba da ba Bunyaminu labarin wata akuyarsu da ta taɓa cinye hular mai gari. Can sai ga Muktar ya matso, ya tsuguna nesa kaɗan. Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya matse ta da ƙarfi har ta dagargaje. Ya ɗago da sauri, ya kare kai da hannu.

"Wannan ta kaji ta," in ji Dela, ta watsa musu. "Ɗauki wata. Nan wajen baki za ka danna."

Ya ɗauki wata. Ta fashe daidai, 'ya'ya biyu suka faɗo tafinsa. Ya kalli Dela, ta ce madalla, ta ci gaba da labarinta. Ya ɗauki ta uku.

Har inuwar mangwaro ta juya Muktar na zaune yana ɓara. Sakinatu ba ta taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya haka ba tun da aka dawo da shi daga asibiti. Kafaɗunsa da kullum suke a ɗage suka sauka. Da aka zo inda mai gari ya bi akuya da gudu ba hula, sai ya yi dariya, wata irin dariya mai kaushi kamar ta wanda bai saba ba. Sakinatu ta sunkuyar da kai don kada a ga tana kallonsa, a zuciyarta tana ta godiya ga Allah. Har ta fara lissafa abin da za ta gaya wa Atiku in ta koma ita kaɗai.

Bayan la'asar Malam Sambo ya dawo. Dattijo ne mai fara'a da babbar murya, irin waɗanda gaisuwarsu ake ji daga gida uku. Ya banko ƙyauren kwano da ƙafa saboda hannunsa da kaya, ƙyauren ya bugi katanga, ya kwaɗa sallama. A hannun damansa akwai igiyar ɗaure saniya a naɗe. Da ya hango baƙon yaro sai murna ta kama shi, ya nufo shi da sauri ta baya, ya ɗaga hannun da ke riƙe da igiyar zai shafa masa kai.

"A'a! Wa nike gani haka? Babban mutun!"

Sakinatu ta gani tun kafin ya faru, amma bakinta bai buɗe ba. Muktar ya yi wata ƙara, ya wawuri dutsen da ake danne buhu da shi, ya juya ya jefa ido a rufe. Bai sami Malam Sambo ba. Bunyaminu ne ya taso da gudu zai karɓi kayan uban riƙonsa, dutsen ya same shi a saman gira.

Jini ya wanke masa fuska. Wannan ba shi ne abin tashin hankalin ba, ciwon goshi ya gaji zubar da jini, kuma da aka danne da tsumma ya tsaya. Abin da ya biyo baya ne. Bunyaminu bai yi kuka ba. Ya zauna a ƙasa yana karkarwa, fitsari na bin ƙafarsa, idonsa a kafe. Dela ta rungume shi tana kiran sunansa, yana so ya ce "Gwaggo", harshen ya maƙale a kan "gwa, gwa, gwa", ya kasa wucewa. Muktar kuwa ya shige bayan rumbu ya dunƙule, hannu biyu a ka, yana jira. Malam Sambo ya tsaya da igiya a hannu yana salati, bai ma san me ya yi ba.

Aka kwana. Da safe Bunyaminu ya ƙi fitowa ba wa awaki dusa. In ya hango wansa sai ya ɓuya a bayan zanin Dela, kuma in'inar ba ta sake shi ba. Dela ta ja Sakinatu bayan ɗaki. Idonta ya yi ja, ba ta yi barci ba.

"Rabon da ya yi wagga in'ina tun shina ɗan shekara biyar," ta ce. "Kin san wuyar da nis sha kahin ta bar shi?"

"Yaya, ba da gangan ya yi ba. Igiyar ta..."

"Na sani. Wallahi na sani. Ban ga laihinai ba, ko kaɗan. Malam ma ya ce a bar shi." Ta share ido da bakin zani. "Amma ni ka wuni da su. In na riƙe shi, wanga na hannuna za shi koma inda nid ɗauko shi, shi kuma wancan ban da tabbas. In tashi da biyu babu. Ban iyawa, Sakinatu. Ɗaya Allah ya ba ni ikon tsamowa."

Sakinatu ta durƙusa. Ta kama ƙafar Dela, abin da ba ta taɓa yi wa kowa ba, ta ce ko wata ɗaya ne, ko a rumfar awaki zai kwana. Dela ta durƙusa ita ma, suka yi kuka tare, amma ba ta canza magana ba. Kuma Sakinatu ta san gaskiya ta faɗa, wannan ne ya hana ta jin haushin da zai rage mata zafi.

Dela ta ɗaura musu gyaɗa da man shanu. Ta shafa kan Muktar ta gaba, yana ganin hannun, ya tsaya cak ya bari. Malam Sambo ya raka su har bakin hanya, yana tafiya nesa-nesa, hannuwansa a bayansa.

Mai kabu-kabu ya sauke su a tashar Lolo da rana tsaka. Daga nan sai ƙafa. Labari kuwa ya riga su, don wani mai kai kifi ya gan su jiya ana wanke wa Bunyaminu jini, kuma a tasha ma wata ta tare Sakinatu tana jajanta mata. In tasha ta ji, Atiku ya ji.

Suna tafiya Muktar na bayanta. Da suka zo wajen bishiyoyin darbejiya na bayan makaranta ya ce, "Inna."

"Mi?"

"Akwai wata gwaggo?"

"Babu wata."

 Ta ci gaba da tafiya, sai ta ji babu takunsa. Ta waiwaya. Ya tsaya ya karyo reshe, yana zage ganyen da yatsa a tsanake, kamar yadda aka koya masa ɓarar gyaɗa. Da ya gama ya zo ya miƙa mata. Ya cire rigar sallar ya ninke ta ya ajiye a kan dutse don kada ta ɓaci, ya juya mata baya. Tsofaffin shatin waya na nan, wasu sun yi fari, wasu ba su gama warkewa ba.

"Ki buge ni nan," ya ce. "Ki buga da ƙarhi shatin ya hito. In Baba ya ga an riga an buga, shina iya bari. Naki bai kai nashi zahi ba."

Sakinatu ta tsaya da tsumagiya a hannu. Mata masu dawowa daga rafi suna wucewa suna kallonsu. Ta so ta jefar da ita ta rungume shi a gaban kowa, ta so ta ce masa ba wanda zai taɓa shi yau. Amma ta san Atiku, ta kuma san kanta, ta san inda za ta shige in an fara. Lissafin yaron daidai ne.

Ta ce ya matso bayan bishiya inda ba a gani. Ya matsa, ya dafa kututturen da hannu biyu.